Masu sharhi sun ji jitar Mdou Moctar, saura su ji bakinsa

A watan Mayun 2024 kamfanin Matador, ɗaya daga cikin kamfanonin waƙa masu zaman kansu a Amurka, ya fitar da kundin Funeral for Justice na ƙungiyar Mdou Moctar ta Nijar. Waƙoƙi 9 ne. Jaridun Amurka da Ingila sun yaba ƙwarai, kamar yadda suka yaba wa Afrique Victime a 2021, kuma yabon ya dace. Abin da ke damuna shi ne inda yabon ya tsaya: da wuya a gama sharhi ba a kwatanta Mdou, jagoran ƙungiyar, da Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jita na Amurka, ba.

Kamannin a fili yake. Mdou bahago ne, jitarsa ta lantarki Fender Stratocaster ce, duk kamar Hendrix, yana kuma ƙure amfilifaya har sauti ya tsage. Amma duk wanda ya saurari hannun nan da kyau ya san inda aka horar da shi. Da yatsu yake kaɗawa, salon takamba, wani kiɗan gargajiya na Abzinawa, da na Abdallah Oumbadougou, makaɗin jita na Abzinawan Nijar, kiɗan bukukuwan aure na Agadas inda janareto ke ruri a gefe. Jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da muryar da kwamfuta ta tace irin ta waƙoƙin Hausa na lokacin, ya kuma yaɗu daga waya zuwa waya ta katin memori.

Mutum huɗu ne a ƙungiyar, kuma nauyin kiɗan yana kan sauran ukun fiye da yadda ake faɗa. Ahmoudou Madassane yana riƙe da jita ta biyu, yana maimaita zubi ɗaya ba ya kaucewa. Souleymane Ibrahim yana kan ganguna, shi ke ƙara gudu a hankali har waƙa ta kai inda za ta fashe. Mikey Coltun, Ba'amurke, yana kaɗa jitar bes, shi ne kuma ya ɗauki sautin. Da ukun nan za su sassauta, gudun yatsun Mdou hayaniya zai zama.

Kwana 5 suka yi suna ɗaukar Funeral for Justice, a wani gida kusan babu kaya a ciki a jihar New York. Ɗaki mara kujeru da labule yana mayar da sauti, bugun ganga ya daki bango ya dawo cikin makirufon jita. Idan aka nisanta makirufo, kiɗa ya dagule. Idan aka manna shi da amfilifaya, faɗin ɗakin ya ɓace. Sautin da ya riga ya shiga makirufon wani kuma ba ya gogewa, don haka kuskure ɗaya kan sa a sake daga farko. Ƙungiyar da ta daɗe tana zagaye tana kiɗa tare ce kawai ke iya wannan kasada, shi ya sa kundin ke da zafin dandali.

Sai kalmomin. Mafi yawansu da Tamashek ne, harshen Abzinawa, wanda masu sharhin ba sa ji sai ta fassarar da aka ba su. "Imouhar" kira ne ga Abzinawa kada su bar harshensu ya mutu. "Oh France" tuhuma ce kai tsaye ga Faransa, daga ɗan ƙasar da aka shekara da shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit, a arewacin Nijar, alhali ƙauyuka da yawa ba su da lantarki. An ɗauki waƙoƙin kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya rutsa da mawaƙan a Amurka suka kasa komawa gida, saboda haka kuskure ne a karanta su a matsayin martani gare shi.

A 2025 suka fitar da Tears of Injustice, waƙoƙin nan dai da jitar katako, ba ƙarar amfilifaya. Muryar ta fito sarari, kuma da shi nake ba mai sauraro shawara ya fara.