Ranar da cinyata ta haska mitin

Makullin mota ne ya jawo min. Ya suɓuce ya faɗa ƙarƙashin kujera da daddare, cajin wayata saura kashi biyu, ina kunna fitilarta ta mutu. Na fi rabin awa ina lalube. A nan na ɗauki alkawari sai na mallaki 'yar tocila ta aljihu wadda ba ruwanta da waya. Mai hankali a minti biyar zai gama wannan hidimar. Ni sati uku na yi.

Kun dai san halina in na sa abu a gaba. Kafin sati ya zagayo na san lumen shi ne ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa, kuma tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yana ba da wajen 800. Na san kandela daban ce, ita ce ke nuna ƙarfin hasken a inda aka saita shi, wato nisan da zai kai. Na san batirin da ake kira 18650 ba lambar banza ba ce, faɗinsa milimita 18, tsawonsa 65. Na san in an rubuta IPX7, tocilar za ta jure zama cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30, in kuwa IPX4 ce, fantsama kawai take ɗauka. Wani dare har na tashi uwargida don in gaya mata cewa farin hasken LED, wato ƙwan tocilolin zamani, asalinsa shuɗi ne, wani sinadari mai ruwan ɗorawa aka shafa a kai ya mai da shi fari, kuma a kan shuɗin nan aka ba wasu masana uku, Akasaki da Amano da Nakamura, kyautar Nobel a 2014. Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Wai tocila za ka saya ko digiri za ka yi a kanta?"

Duk masu hankalin da na karanta bakinsu ɗaya: don amfanin yau da kullum ba ka bukatar hasken tashin hankali. Abin dubawa shi ne ta kasance da ƙaramin mataki wanda ba zai kashe maka ido ba in ka tashi da tsakar dare, batirinta ya zama mai sauƙin samu, kuma makunninta kada ya zama mai saurin dannuwa. An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Nawa kunnen lamba kawai ya ji. Na zaɓi wadda tsawonta kaɗan ya fi ɗan yatsana na tsakiya, an rubuta lumen 1,200 a kwalinta, makunninta a gefe, ya ɗan turo kai waje kamar ƙurji. Takardar bayanin da ta zo da ita, mai ƙananan rubutu cikin harsuna barkatai, na dunƙule na jefa kwandon shara. Me za ta koya wa mutumin da ya yi sati uku yana nazari?

Washegari na kai ta ofis, na haska silin da rana tsaka don kowa ya shaida. Akawunmu ya sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci ya ce, "Wannan fa, Malam? Jirgin sama za ka sauke da ita?" Sai ya zaro tarin makullansa ya nuna min wata 'yar tsurut da ke rataye a jiki, mai cin batir AAA guda ɗaya, fentinta duk ya goge, haskenta kamar na mai jinya. Ya ce shekara da shekaru suna tare. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ku riƙe wannan dariyar a ranku, za mu dawo kanta.

Ranar Laraba aka yi mitin ɗin da Yallaɓai ya sa kowa ya halarta, har da baƙin nan biyu da aka yi sati ana share ofis saboda su. Aka ja labule, aka kashe fitilu, aka kunna majigi. Na zauna a layi na biyu sanye da farin wandon nan nawa mara kauri, tocila da makullai duk a aljihun dama.

Abin da ban sani ba, don yana cikin takardar da na yar, shi ne tocilar tana tuna matakin da aka bar ta a kai. Ni kuwa daren jiya a mataki na can ƙoli na bar ta, ina haska bangon maƙwabta.

Na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ina jin a nan ne makulli ya samu ƙurjin.

Da farko ɗumi na ji, mai daɗi ma, na ɗauka waya ce. Sai na tuna wayar tana hannuna. Ɗumin ya koma kamar cinnaka ta samu wuri. Na daure, na ci gaba da gyaɗa kai ina kallon allo kamar lissafin wata uku ne ya fi komai damuna a duniya. Sai na lura matar da ke gefena ta janye kujerarta. Na gaba ya waigo. Na kusa da shi ma ya waigo. Ba fuskata suke kallo ba.

Na sunkuya. Jama'a, cinyata ce ke ci kamar fitilar kan titi. Farin yadin ya ɗauki hasken ya baza shi, har kana ganin inuwar makullaina ɗaya bayan ɗaya, da zanen ɗinkin aljihu, da wata tsohuwar takarda da na manta a ciki. A ɗakin da aka kashe fitilu, ni ne abu mafi haske, na fi majigin. Na kifa tafin hannu a kai don in rufe, sai yatsuna suka yi jajawur kamar garwashi, abin ya ƙara muni.

Daga layin baya, cikin muryar nan tasa ta mai karanta sanarwa, akawu ya ce, "Malam, kamar dai ƙafarka ta kawo wuta."

Bai yi raɗa ba. Wannan mutumin in zai gaya maka an biya kuɗin alawus, sai ka kai kunne bakinsa. Amma ranar har baƙi sai da suka juyo.

Na cusa hannu aljihu, kan tocilar ya ƙone min yatsa. Nan ma na san dalili, wannan ne abin haushin. Na karanta cewa ƙaramar tocila ba ta iya riƙe matakin ƙoli sai na minti ɗaya ko biyu, daga nan ta rage da kanta saboda zafi, don jikinta ba shi da girman da zai kwashe shi. Har na taɓa yi wa uwargida bayanin ƙa'idar FL1 da aka fitar a Amurka a 2009, wadda ke ƙirga daɗewar batir har sai haske ya sauko zuwa kashi goma cikin ɗari na yadda ya fara, shi ya sa awannin da ke kan kwali suke yaudarar mutane. Duk na sani. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne inda zafin zai tafi in tocilar tana cikin aljihu. Cinya zai tafi. Ga kuma ƙauri ya fara tashi, shafin aljihun na leda ne, ya soma narkewa.

Na danna don ta mutu. Hannu na rawa, ashe sau uku na danna. Ta koma walƙiya, fal-fal-fal, irin wadda ake cewa ta korar ɓarawo ce. Yanzu wandona ba haske kawai yake ba, rawa yake. Na miƙe tsaye, kujera ta faɗi ta baya. Na fizgo tocilar waje, makullai suka biyo ta suka watse a ƙasa, kuma da yake ƙaddara ba ta yin rabin aiki, bakinta ya saitu daidai fuskar Yallaɓai.

Ban taɓa ganinsa haka ba. Walƙiyar tana yanka motsinsa gunduwa-gunduwa: ga shi ya ɗaga hannu, ga shi ya kare ido da fayil, ga shi baki buɗe. Ɗaya daga cikin baƙin ya duƙa bayan tebur.

"Kashe min abin nan!"

"Ranka ya daɗe, ita nake kashewa."

"To kashe ta mana!"

"Ranka ya daɗe, ba ta..."

Na sake dannawa na riƙe. Walƙiyar ta tsaya, na ce alhamdulillahi. Sai ta fara wani sabon salo a natse: uku gajeru, uku dogaye, uku gajeru. Ɗakin ya yi tsit, kowa na kallo. Akawu ya gyara murya ya ce, "Yallaɓai, wannan SOS ce. Agaji yake nema."

Wanda ya fara fashewa da dariya baƙon da ya duƙa ne, daga ƙarƙashin teburin.

Bari in tsaya a kan akawun nan, don abin yana ci min rai. Ina ya san SOS? Mutumin da har yau in zai tura saƙo a kwamfuta sai ya kira yaron ofis. Shekara nawa muna tare bai taɓa nuna ya san wani abu ban da rasit ba, sai ranar da zan tozarta ilminsa ya tashi. Kuma ba yau ya fara ba. Shi ne ya mayar min da takardar tafiyata sau uku wai sa hannuna na biyu bai yi kama da na farko ba. Shi ne ya ari abin huda takardata tun kafin a canza mana ofis, har yau yana kan teburinsa, ya ma liƙa masa sunansa. In na yi magana ya ce, "Kayan ofis ai na ofis ne, Malam." Kullum Malam, da wata 'yar ja a ƙarshe, kamar yana karanto sunana daga jerin masu bashi. Kuma duk abin nan fuskarsa ba ta motsi. Da zai yi dariya ma da na samu abin riƙewa.

To, na ga dannawa ba za ta fisshe ni ba, sai na tuna dabarar ƙarshe: a kwance murfin gindi, wuta ta yanke. Na murɗa da ƙarfi, na wuce misali. Murfin ya fita, sifirin da ke ciki ya harbo batirin, ya daki ƙafar tebur, ya gangara, muna jin ƙararsa har ya shige ƙarƙashin kabad ɗin fayil. A garin kare ido kuma wani ya taka wayar majigi ta zare. Ɗakin ya yi baƙi ƙirin.

Sai ga ni a durƙushe, gwiwa biyu, gaban baƙi, ina laluben makullai da batir a cikin duhu. Abin da na sayi tocilar don kada ya sake faruwa da ni ke nan. Hankalina kuma bai kwanta ba, don batirin litiyam ne, na karanta ba a son ya haɗu da ƙarfe tsirara, ga makullaina warwatse a wurin.

Na ji ƙarar makullai a bayana, kacau-kacau. Wani ɗan haske rawaya-rawaya, mara ƙarfi, ya sauka a gefen hannuna, ya bi ƙasa a hankali, ya leƙa ƙarƙashin kabad. Ga batirina can ya kwanta cikin ƙura. Hasken bai kashe wa kowa ido ba, bai ƙona kowa ba, iyakar abin da ake nema ya nuna.

"Ga shi can, Malam," in ji shi. "Ko in ƙaro maka haske?"

Sai da na kwanta rub da ciki kafin hannuna ya kai. Farin wando ya zama abin da ya zama. Da na miƙe, Yallaɓai bai ce min komai ba, ya dai ce a buɗe taga saboda ƙaurin. Aka ci gaba da mitin. Na zauna da huda a aljihu wadda babban yatsa zai shige, da wani jan tabo a cinya mai siffar kwabo. Da aka tashi, baƙon nan ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya buɗe baki zai yi magana, dariya ta sake ƙwace masa, ya tafi.

Da na koma gida na zazzage kwandon shara, takardar ba ta nan. A intanet na samo ta. Ashe layi na huɗu ne: a danna sau huɗu don kulle makunni, ko a sassauta murfin gindi kwatan zagaye kafin a sa a aljihu. Akwai ma ɗan mataki na ƙasa da lumen ɗaya, wanda ake samu in an danna an riƙe tun tana kashe. Sati uku ina bincike ban taɓa kunna shi ba. Uwargida ta ɗaga wandon ta leƙo ni ta cikin hudar, ta ce ita ba za ta ɗinke ba, a kai wa waɗanda suka ci Nobel.

A ofis yanzu in an ɗauke wuta ba mai cewa a tayar da janareta, sai dai a ce a kira ni in tsaya a tsakiya. Akawu bai taɓa sa baki a wannan tsokanar ba. Makullansa kawai yake ajiyewa a kan tebur, 'yar tocilar tana fuskantar ƙofata.

Ita tawa tana nan, kullum murfinta a sassauce. Shekaranjiya da daddare wuta ta ɗauke, na zaro ta na yi ta dannawa, shiru. Na girgiza ta, na buga ta a tafin hannu, na fara tsine wa masu ƙera ta. Da fitilar waya na ƙarasa neman takalmina. Sai da na kwanta na tuna da murfin.