Sakandaren garinmu ta girma, mu kuma mun tsaya a bakin get

Satin da ya wuce aka turo hoto a gurup ɗinmu na tsofaffin ɗalibai a WhatsApp, wai an gama sabon get na sakandaren garinmu, an shafe shi da fenti har da su tayil, kowa sai zuba "Masha Allah" yake. Ni ma na tura nawa don kar a ce baƙin ciki nake, amma raina bai kwanta ba, don da babbar sallah na shiga makarantar na ga abin da ke bayan get ɗin.

Ba zan kama sunan garin ba, ƙaramin gari ne dai, daga Jos mota ɗaya za ka hau. Kuma labarinsa kusan ɗaya ne da na sauran. A ƙasar Filato karatun gaba da firamare ya daɗe a hannun mishan, Gindiri da ke ƙaramar hukumar Mangu ta ishe mu misali, 'yan mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) sun fara koyarwa a can tun 1934, sakandaren maza ta zo a 1950, ta mata a 1958. Yaron ƙaramin gari a lokacin sai dai ya ɗau akwatin ƙarfe ya tafi makarantar kwana, shi ma in ubansa ya yarda, don iyayenmu da yawa suna ɗari-ɗari da makarantar mishan.

1976 ce ta juya komai. Shekarar aka ƙirƙiro jihar Filato, shekarar kuma gwamnatin soja ta Obasanjo ta fara UPE, firamare kyauta. Yara suka cika maƙil, shekara shida suka gama, toh ina za a kai su? Nan fa garuruwa suka tashi tsaye. A namu garin mai gari ya ba da fili, magidanta suka yi karo-karo, mata suka ɗebo ruwa, samari suka buga bulon ƙasa, aikin gayya sosai. Kawuna har ya koma ga Allah in mun bi ta wurin sai ya dafa bangon ajin farko ya ce "kai ɗan nan, wannan layin ni na ɗora shi". Aji biyu ne kacal, ofishin firinsifal shi ne sito shi ne ɗakin malamai, tagogi ba marfi, in hunturu ya kama kun dai san sanyin ƙasar nan, hannu ya sandare biro ma ba ya riƙuwa. Amma malamin lissafinmu a garin yake kwana, ya san uban kowa, ka yi fashi da safe da yamma yana zaurenku.

Yanzu azuzuwa sun ninku, 'yan mata sun cika layin asambuli wanda da da yatsa ake ƙirga su, wannan kam ci gaba ne ba musu. Sai dai girman ya karkata gefe guda kuma akwai dalili. UBE, shirin ilimin bai-ɗaya na matakin farko da aka ƙaddamar a 1999, aka yi mata doka a 2004, shekara tara ta ɗauka, firamare zuwa JS3, can kuɗin UBEC da SUBEB, hukumomin tarayya da na jiha masu kula da shirin, suke tsayawa. Babbar sakandare kuwa sai abin da ma'aikatar ilimi ta jiha ta iya. Shi ya sa a harabar makaranta ɗaya za ka ga ɓangaren ƙanana da sabon kwano, na manya silin na zazzagowa. Ɗakin gwajin kimiyya na leƙa ta taga, ƙura da buhunan siminti ne a ciki, kuma yaran nan su ne za su zauna wa WAEC da NECO. Fiziks ɗan bautar ƙasa ne yake riƙe da shi, shekara na cika ya ɗau jakarsa, sai a jira wanda Allah ya kawo.

Na san abin da za a ce min, tsaro. Gaskiya ne, duk wanda ya zauna Filato ba sai an yi masa bayanin amfanin katanga ba, ga masu cinye filin makaranta taku-taku har su kai ga filin ƙwallo. Katanga na yarda. Amma tayil a get wa zai tsare? Kuɗin da muka kashe a ƙawa da mun ɗauki malamin kimiyya ɗaya ɗan gari, mu riƙa biyansa duk wata ta hannun PTA, da yara sun gani a sakamakonsu. Abin da ya hana mu kuwa mu daina ɓoye-ɓoye, albashi ba a ɗaukar hotonsa, ba a manna masa allo mai sunan 'yan ajin shekara kaza, kuma wata na ƙarewa sai an sake tara wani.

Na rubuta wannan shawarar a gurup ranar Juma'a bayan masallaci. Mutum biyu suka amsa, ɗaya ya ce za a duba a mitin na gaba, daga nan aka koma gardamar kalar ankon taron ƙarshen shekara, shadda ko yadi.