Ku Gwada Jini Tun Kafin Soyayya Ta Yi Nisa

Samari da 'yan mata, akwai wani lissafi da ke yawo a majalisa wanda ya jefa gidaje da yawa cikin jinya. Wai idan AS (mai ɗauke da gadon sikila amma ba shi da ciwon) ya auri AS, sai haihuwa ta huɗu sikila ke zuwa, don haka a haifi uku a dakata. Wannan kuskure ne babba, kuma yara ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Kowane ɗan Adam yana gadon kuromosom 46, 23 daga uba, 23 daga uwa. A kan na 11 akwai ƙwayar halittar da ke tsara himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar da muke shaƙa cikin jini. Harafi ɗaya tak ya sauya a cikinta, GAG ya koma GTG, shi ya haifar da nau'in S. Da iska ta yi ƙaranci, sai jajayen ƙwayoyin jini su tauri su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashin da ke hana yaro barci ke tasowa. Lafiyayyar ƙwaya tana kai kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jini ke yawan ƙarewa, ido ya yi rawaya.

Mai AS yana da A ɗaya, wato lafiyayyen nau'i, da S ɗaya, kuma ɗaya kawai yake bai wa ɗansa. Idan iyaye duka AS ne, a kowane ciki yiwuwar SS, wato sikila, kashi 25 ce cikin 100, AS 50, AA 25. A kowane ciki, na ce. Cikin bana bai san abin da na bara ya ba da ba. Ana samun gida mai 'ya'ya biyar babu SS ko ɗaya, ana samun wanda ɗan fari da mai bi masa duk suka zo da shi. Idan AS ya auri SS kuwa, yiwuwar SS da AS rabi da rabi ne. Kada ku manta da C, wani nau'in himoglobin da shi ma ya sauya: AS da AC na iya haifar SC, shi ma ciwo ne. AA ko da SS ya aura, 'ya'yan AS za su zo.

Ku kuma daina ɗora wa mata laifi. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S daga uba, ya karɓi S daga uwa. Mai sakin matarsa don “jininta ne ya kawo ciwon” ya zalunce ta, rabin gadon daga gare shi yake. Auren zumunci ba shi ke ƙirƙirar S ba, amma idan tana cikin dangi, haɗuwarta ta fi sauƙi. Ta yi yawa a ƙasashenmu ne saboda mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya na ɗauke da ita.

Wani abin da ke ruɗar iyaye shi ne a haifi jariri ɓul-ɓul, a ce an tsira. Jariri yana zuwa da himoglobin na cikin ciki, mai suna F, wanda ba ya lanƙwashewa. Jiki yana rage yin sa a hankali, zuwa wajen wata shida S ta karɓi wuri. Lokacin ne za a ga bayan hannu da ƙafa sun kumbura, yaro na tsala kuka in an taɓa shi. Maganin haidiroksiyuriya yana ƙara yawan F ɗin ne, amma sai likita ya rubuta yana kuma bibiyar jini.

Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, sai dai wanda ya jira sai an sa rana, an kai lefe, ya makara. A lokacin ne ake kuka, ake neman takardar bogi. Ku yi gwajin tun ana gaisuwar farko. Rukunin jini, wato A, B, AB ko O, daban yake da jinotayif, wato AA, AS ko SS. “Ni O ne” ba amsa ba ce. Ku nemi gwajin elektiroforesis ko HPLC, domin ƙaramin gwajin sikila yana nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SS, ba ya kuma ganin C. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata uku, don jinin wani zai iya ɓata sakamakon. A maimaita a wani asibitin daban, ku je tare, kowa ya ga an ɗebi jinin ɗan'uwansa, ku karɓi takardar da hannunku. Idan sakamakon biyu suka saɓa, a kai wa likitan jini ya sa a yi na uku.