Hajiya Bilkisu Yusuf da zargin da ake wa masu fafutukar haƙƙin mata

Yana damuna in ji ana cewa duk macen da ta tashi neman haƙƙin mata ta juya wa addini baya, aƙidar Turawa take tallatawa. Masu wannan ra'ayi suna da dalilinsu: sun ga wasu ƙungiyoyin waje suna zuwa da manufofin da ba su dace da tarbiyyarmu ba.

Amma a duba rayuwar marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf. 'Yar jarida ce da ta riƙe editar Sunday Triumph a Kano, daga baya New Nigerian a Kaduna, a zamanin da da wuya ka ga mace a wannan kujera. Tana cikin waɗanda suka kafa FOMWAN a 1985, ƙungiyar matan Musulmi da ta duƙufa kan ilimin 'ya'ya mata da lafiyar masu haihuwa. Daga cikin addini irin wannan fafutuka take samo hujjarta. Ga gado, alal misali: Alƙur'ani ya yanka wa mace kasonta, amma sau da yawa 'yan'uwa maza su riƙe gona su ce al'ada ce. Wadda ta ce a ba ta haƙƙinta, shari'a take nema a bi.

Hajiya Bilkisu ta rasu a turmutsitsin Mina, tana aikin Hajji, a 2015.