Wai kare ne kawai

Tun jiya abin nan yake ci na a rai wallahi. Yaro ɗan shekara 15 ya dawo daga makaranta ya tarar an kyautar da karensa, ba shawara ba sallama, wai ya shagala da yawa, da ya kwana yana kuka kuma manya suka mai da shi abin dariya. Sannunku da ƙoƙari masu tarbiyya, kun kashe matsala, gobe sai ya tashi da lissafi cike da kai.

Ku masu cewa kare ne kawai, kun manta yadda shekarun nan suke ne? Murya ta fashe, fuska duk ƙuraje, yau shi likita ne gobe mawaƙi jibi ko madubi ba ya son gani. A ce masa kai yaro ne rufe mana baki, an jima kaɗan a ce ƙato da kai ba ka jin kunya. To wanne zai kama? Wannan ruɗanin ba iskanci ba ne, masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson littafi guda ya yi a kansa tun 1968, kuma ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa da ke auna abu kafin a aikata ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.

A duk gidan nan wa ye ba ya tambayarsa nawa ya ci a jarabawa? Karen. Wa ye ba ya gwada shi da ɗan wane? Karen. Ya faɗi ko ya ci, ya yi aski ko ya bar suma, yana shigowa za a tare shi da kaɗa wutsiya. Shi kaɗai ne bai taɓa ce masa me za ka zama ba, shi kuma kuka ɗauke.

Da idona na sha ganinsa da yamma a bakin ƙofa, kan karen a cinyarsa, yana cire masa kaska ɗaya bayan ɗaya yana ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, yaron da in ka gaishe shi da ƙyar "lafiya" ke fita daga bakinsa. Duk abin da bai iya gaya muku ba a kunnen nan ya zuba shi. Masu bincike a Japan ma sun nuna a 2015 cewa in kare da mai shi suka haɗa ido, sinadarin oxytocin na ƙaruwa a jikinsu su biyun, wanda dai ke ƙulla uwa da jaririnta.

Kar wanda ya zo min da zancen ciwon haukan kare, akwai allurar rigakafi, a kai shi wajen likitan dabbobi a yi masa, magana ta ƙare. Masu cewa ya koyi hulɗa da mutane kuwa, da wa? Da ku da kuka yi masa dariya?

Karatun ma da kuke fakewa da shi mu zuba ido mu gani.

Af, tunda na ambaci kaska, don Allah masu karnuka ku daina fizge ta da ƙarfi, kan yana makalewa a fata wurin ya yi gyambo. Ka kama ta dab da fatar ka ja a hankali, kuma ka duba cikin kunne da tsakanin yatsu, nan suka fi ɓuya.