Ba bishiyoyi ne suka fara samar da oksijin ba

Yana damuna yadda ake ta cewa bishiyoyi ne suka fara cika duniya da iskar oksijin. Masu faɗa suna da dalili, tunda yau tsirrai na fitar da ita. Amma lokacin da ta fara taruwa a sama, kimanin shekaru biliyan 2.4 baya, ko ciyawa babu a doron ƙasa.

Aikin ƙananan halittun ruwa ne, sayanobakteriya. Da fari ma oksijin ɗin ba ta taru ba, domin tekun zamanin cike yake da narkakken ƙarfe. Yadda jiƙaƙƙiyar ƙusa ke tsatsa, haka ƙarfen ya riƙa shanye ta yana kwantawa ƙarƙashin teku. Daga wannan tsatsar ake haƙo tama a Hamersley ta Ostiraliya.