Ƙofofin ƙwaƙwalwa sun fi cancantar kuɗin bincike

A jikin kowace ƙwayar jijiya ta ƙwaƙwalwa akwai ƙananan ƙofofi masu buɗewa da rufewa cikin ƙasa da ƙiftawar ido, sinadarin sodiyam ya shiga, na potasiyam ya fita. Wannan kai-komon ne ke haifar da lantarkin da muke tunani da shi. Hodgkin da Huxley na Ingila suka fayyace haka a 1952.

Ina ganin masu ba da kuɗin binciken cutar Alzheimer, wadda mu kan kira gigin tsufa, sun yi wa ƙofofin nan riƙon sakainar kashi. Shekara da shekaru hankalinsu na kan daskararren furotin amiloid da ke taruwa a ƙwaƙwalwa. Da maganin lecanemab, mai kawar da amiloid ɗin, ya fito a Amurka a 2023, sai aka sa masa dala 26,500 a shekara, kuma rage saurin cutar kawai yake yi. Wa zai saya a Gusau ko Maraɗi?

A farfaɗiya kuwa, ilimin ƙofofi ya daɗe da biyan kuɗin sabulu. Carbamazepine da phenytoin ƙofar sodiyam suke daidaitawa, ga araha, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su daina faɗuwa in sun samu magani.

Masu suka za su ce a cututtukan da ke cinye jijiya ribar ba ta taka kara ta karya ba, kuma suna da hujja. Maganin ƙofa riluzole na 1995 watanni kaɗan yake ƙara wa mai cutar ALS, wadda ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka. Memantine, mai tare kalsiyam kada ya yi ambaliya ta wata ƙofa da ake kira NMDA ya kashe ƙwayar jijiya, sauƙi yake kawo wa masu Alzheimer, ba waraka ba. Isradipine ma, mai tare ƙofar kalsiyam, an gwada shi kan cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki, bai yi aiki ba. Sai dai duk bayan cuta ta bayyana ake bayar da su, lokacin da jijiyoyi da yawa sun riga sun mutu. Maganin ƙofa ba ya tayar da matacciyar ƙwaya.

Mu ma abin ya shafe mu. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 shiga take yi a madadin kalsiyam, tana toshe ƙofar NMDA ɗin nan. Yaran da suka rayu sun girma, kuma ya kamata asibitocin koyarwa na Arewa su riƙa bibiyar lafiyar ƙwaƙwalwarsu har tsufa.